Rodin da Na Sa Aka Cusa a Keken Surukina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk wanda zai karanta, Allah Ya rufa mana asiri baki ɗaya. Ku sakaya sunana. Ni dattijo ne a cikin birnin Katsina, hannuna ya fi sabawa da alƙalami da ajami fiye da latsa waya, don haka ku yi haƙuri in na ja zance. Kada ku yanke mini hukunci sai kun ji ƙarshe.

Mijin ɗiyata ma'aikaci ne a wani ofis a GRA. Yana da ladabi, ba ya wasa da salla, amma yana da wauta guda: keke. Magidanci mai mota da 'ya'ya, sai ya matse jikinsa cikin wani wando kamar ɗura shi aka yi, ya kifa ƙwarya a ka, ya tafi neman duwatsu ya hau don kawai ya gangaro. Mu da muka ɗora buhun gero a kariya mun san abin da ake kira keke. Nasa ba kariya, ba ƙararrawa. Ƙafafun nan biyu da ke riƙe da tayar gaba, waɗanda masu gyara ke cewa fok, dogaye kamar na zalɓe, in ka danna su nutse, in ka saki su taso. Ya taɓa durƙusawa a zaurena yana yi mini karatunsu. Ya ce, "Baba, nutsewar nan ita ke shanye dutse. Ana so su yi laushi daga sama zuwa ƙasa, amma su yi tauri ta gefe, kada su lanƙwashe ko su murɗe in an kama birki. Tsawonsu ne ya sa aka yi su da kauri." Na ce, "To, Allah Ya kiyaye hanya." A raina kuwa na ce, ƙarfen da ya kasa tsayuwa da ƙafarsa har karatu gare shi?

Da aka tura shi kwas Kaduna, ya kawo keken ya jingine a zaurena, ya ce nan kaɗai hankalinsa zai kwanta. Wata rana bayan la'asar babur ɗina ya ƙi tashi, ga ta'aziyya a Ƙofar Kaura. Na ce keke ai keke ne, na naɗe riga na hau. Ina isa, jama'a cike a tabarma, na damƙe birkin gaba yadda na saba tun ƙuruciya. Gaban keken ya gurfana kamar raƙumi, ni kuma na wuce ta bisa kai, hula gabas, takalmi yamma. Gidan mutuwa ne, babu wanda ya yi dariya, amma na ga kafaɗu suna rawa. Wani sa'ana ya tashe ni yana kaɗe mini riga, ya ce, "Sannu Malam. Gaisuwar mutum ɗaya muka zo, kada ka ƙara mana wata."

Daga nan ban nufi gida ba. Na tura keken wurin wani mai walda ta wajen Ƙofar Marusa, na ce ya ƙame mini ƙafafun nan. Ya ƙwanƙwasa ya ce wannan ƙarfen ba ya cin waldarsa. Na ce ya yi dabara. Ya kwance murfin sama, iska ta fita, ya tsiyaye mai, ya zaro kayan ciki ya watsa cikin tarkacensa, ya yanko rodi ya cusa, ya mayar da murfi. Daga waje babu alama. Na danna na ji ƙam, na mayar da shi zaure na jingine inda yake. Wallahi a ranar gani nake gyara na yi wa yaron, kuma har gobe ban ga amfanin keken da ke kayar da mahayinsa a bainar jama'a ba.

Da surukina ya dawo ya danna, abu bai motsa ba. Ya tafi da shi gida ya buɗe, ya tarar da rodi. Ko a mafarki bai kawo ni ba. Zarginsa ya faɗa kan wani abokin aikinsa ɗan Filato, bari in kira shi Bulus, wanda suke wannan shirmen hawan dutse tare, don shi ya sauya wa fok ɗin mai ana gobe tafiya. Ya ce Bulus ya kwashe kayan ciki ya zuba a nasa keken. Magana ta bazu a ofis, har an fara kiran mutumin ɓarawo a bayan idonsa. Shekaranjiya Bulus ya zo, ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa ya ce, "Baba Malam, ni baƙo ne a garin nan, sunana kaɗai gare ni. Kowa ya ce maganarka ba ta tashi. Ka sa baki." Na ce masa, "Ka yi haƙuri, gaskiya ba ta ɓuya." Ni na faɗi haka, da bakin nan nawa.

Yanzu sun sa zama a zaurena ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Surukin nawa ya aiko ɗiyata da saƙo, wai abu ɗaya yake roƙo: in shaida cewa keken bai gusa daga inda ya jingine shi ba. In na faɗa, Bulus ya gama yawo.

Na san hukuncin shaidar zur, ni nake karantar da shi. Amma surukin da ko sunana ba ya faɗa, ko ruwa ba ya sha a gabana, ta yaya zan dube shi in ce na hau abin wasansa, na faɗi a gidan makoki, na huce a kan amanarsa? Da wane ido ɗiyata za ta dube ni? Na koma wurin mai walda ko zan samu kayan, ya ce masu sayen tsohon ƙarfe sun kwashe tun tuni. Waɗanda suka ga faɗuwata kuma suna nan da ransu. Duk a kan ƙarfen banza da ko gero mudu ɗaya ba ya ɗauka.

Juma'a jibi ce, kuma Bulus har godiya ya yi mini da zai tafi. Me zan yi?