Duwatsun Malam a Kicin Ɗina

Litinin, 3 ga Maris

Malam ya sake dawowa da buhun duwatsu. Tun da ya yi ritaya daga hukumar ruwa yake zaune a kujerar falo kamar an ɗinke su tare, ina ta roƙon Allah Ya tashe shi. To, ya tashi. Ni dai ban ce a tashe shi zuwa tsohon ramin haƙar ma'adinai na bayan gari ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Yau a kan abinci aka yi mini lacca. Wai da can dutsen narkakke ne a ƙarƙashin ƙasa, da ya huce ya tsattsage, ruwan zafi ya bi tsagogin ya bar farar jijiya, a cikinta ake samun tangistin. Na ce me ake yi da shi? Ya ce zaren cikin ƙwan lantarki irin na da, da bakin ƙarfen huda dutse. Lokacin yaƙi aka buɗe ramin, yaƙi na ƙarewa kasuwa ta faɗi kowa ya watse. Babansa yana cikin masu tura amalanke a can. Duk daɗewarmu tare ban taɓa jin wannan ba.

Talata, 11 ga Maris

Rariyata ta ɓace. Na same ta a bayan ɗaki cike da tsakuwa.

Asabar, 15 ga Maris

Ashe hukuma za ta toshe bakin ramin da siminti a mayar da wurin juji. Malam ya samo wata Dakta daga jami'a, in ta ga abin kirki za ta sa baki a bar wurin, a kafa allon tarihi. Ya sayo wata fitila mai shuɗin haske, wai dutsen gaske walƙiya yake yi a ƙarƙashinta. Ya gwada a sito, ko ɗaya bai kula shi ba. Ya ce ƙasa ce ta rufe su.

Laraba, 19 ga Maris

Baƙuwa ta zo gidana ta tarar da laka a kan tebur? Ba da ni ba. Yana fita na jiƙa duwatsun a baho da garin sabulun da nake ɓoye wa fararen kaya, na dirje su da buroshi, na shanya.

Alhamis, 20 ga Maris

Ikon Allah, duk sun kama haske! Har guntun bulon da nake tokare ƙofa da shi. Malam yana ta ihu, "Zo ki gani! Zo ki gani!" Na ce ai wanki na ne ya fito da su. Rabon da in ga haƙoransa duka a waje har na manta.

Asabar, 22 ga Maris

Kaico.

Dakta ta zo, yarinya mai hankali. Malam ya gayyato maƙwabcinmu mai aski ya zama shaida. Aka saki labule, tebur ya ɗauki shuɗi. Ta ɗauki ɗaya, ta juya, sai ta kai hanci.

"Baba, wa ya wanke su?"

Na ce ni, har da ɗaga kai. Sai ta haska farar rigar Malam, wallahi ta fi duwatsun walƙiya. "Mama, sabulunki yana da kyau," ta ce. Ta ɗauraye ɗaya a famfo, ya mutu murus. Mai aski ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa.

Kafin ta tafi ta ce irin na ramin nan baƙi ne, ba ya haske, da nauyi ake gane shi. A wanke tsakuwar tulin ƙasar da ke bakin ramin a faranti, mai nauyin zai kwanta a gindi. Ko cikin cokali ne a kai mata kafin masu siminti su zo.

Litinin, 24 ga Maris

Ya koma kujera. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Tsoro nake ji.

Alhamis, 27 ga Maris

Na je bayan gari motsa ƙafa. Farantin da ke jakata mantuwa ce. Akwai ruwa kwance a gefen tulin, na ɗan gwada. Ashe regayar shinkafa ce, sai dai a nan tsakuwar ake so.

Lahadi, 30 ga Maris

Na zauna a tsakar gida daidai tagarsa ina regayar tsakuwar da na ɗebo daga tulin, da gangan nake ƙwanƙwasa farantin ina zubarwa. Can na ji takunsa.

"Ke, ba haka ake riƙewa ba."

Mutumin da bai taɓa rege ko gwangwanin shinkafa ba! Na miƙa masa. Ya jiƙa wandonsa sharkaf, amma da ruwan ya tsiyaye ga baƙaƙen ƙwayoyi nan kwance a gindi. Ya daɗe yana taɓa su da yatsa, ya ce da irinsu babansa yake dawowa a naɗin wando.

Gobe tare za mu je, don kada ya zame ne kawai. Ta gabas da ramin akwai inda farar jijiyar ta fi kauri. Ban gaya masa ba tukuna, ina so in fara dubawa.