Igiyar Barkono a Ƙofar Jikana

Busan,
Oktoba, 1984.

Zuwa ga Yaya Mal-sun,

Gaisuwa mai yawa da girmamawa daga ƙaninki Dok-su. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara, kuma sanyin Jamus bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Allah ya ƙara miki ƙarfin tsayuwa a kan marasa lafiyarki a asibiti. Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Matata Ok-bun ce ke riƙe da alƙalami ina faɗa mata, saboda haka duk kuskuren da kika gani nata ne, in kuma kika ga inda tawada ta jiƙe, nan ma ita ce, na hana ta kuka ta ƙi. Bari in fara da mai daɗin: 'yarmu Sun-yong ta sauka lafiya a gidan surukanta a Hadong, an sami namiji.

Kin san tun da walda ta cinye mini ido ɗaya, ɗayan ma ya fara bin sahu, aka sallame ni daga wurin ƙera jiragen ruwa. Ba ni da sauran mafita sai makarantar tausa ta makafi, tunda su kaɗai gwamnati ke ba lasisin wannan sana'a. Yaya, wallahi walda wasa ce. Kullum muna durƙushe muna danna juna har manyan yatsuna suka kumbura, ko sandunan cin abinci ba na iya riƙewa, ga haddar sunayen jijiyoyi da ƙasusuwa da tsufana. Malaminmu, Malam Tak, da makantarsa aka haife shi, bakinsa kuwa sai a hankali. Ranar da ya kwanta in gwada a jikinsa, cewa ya yi, "Kai mai walda, mutum ne a hannunka ko ƙarfen jirgi?" Can kuma ya ji numfashina a ƙeyarsa, ya gane sunkuyawa nake yi ina leƙe da ɗan ragowar idona. Ya kira ni ɓarawo a gaban kowa, ya ce muddin ina leƙe hannuna ba zai taɓa koyon komai ba, kuma ba zan ci jarrabawa ba. Tun daga ranar yake ɗaure mini ido da baƙin ƙyalle har a tashi. Na tsani ƙyallen nan. Likita ya riga ya gaya mini hasken idon ba zai kai hunturu ba, ni kuwa tattalinsa nake yi don abu ɗaya tak: in ga fuskar jikana.

A makon da aka yi haihuwar, tsohon abokin aikina Gap-su ya rasu, na je na zauna makoki kamar yadda ya kamata. Daga nan muka hau mota sai Hadong. Muna isa muka tarar an ɗaura igiyar karan shinkafa a ƙofar gida, da jan barkono da gawayi a jikinta, alamar an haifi namiji. Surukar Sun-yong ta fito ta tsaya a bayan igiyar, ta ji ƙanshin turaren makoki a rigata, ta tambaye ni, ni kuma na faɗa mata gaskiya. Ta ce in yi haƙuri, baƙo ba ya tsallake igiya sai jariri ya cika sati uku, balle wanda ya fito daga gidan mutuwa. Ok-bun ta roƙe ta, har da kama mata hannu, ta ce ko ta taga a ɗago shi, idon mutumin nan ba zai jira ba. Tsohuwar ta ce ita 'ya'ya biyu ta binne tun suna cikin tsumma, ba za ta yi ganganci da wannan ba. To me zan ce? Uban 'ya mace ba ya ɗaga murya a ƙofar surukai, don bayan ya tafi 'yarsa ce za ta kwashi sauran. Na sunkuyar da kai na yi godiya. Ina jin kukan jaririn daga ciki, murya ras kamar ta mai tallan kifi. Na tsaya na ƙura wa barkonon nan ido, ja wur, sannan muka juya.

Na koma makaranta na ci gaba da durƙuso. Wata rana da la'asar aka tashi, na kwance ƙyallen, na tambaya wane ne ya kashe fitila. 'Yan ajin suka kwashe da dariya, wani ya ce yaushe aka taɓa kunna fitila a ajin makafi. Na murza idon, na juya wajen taga. Ban ga komai ba, Yaya. Malam Tak ya laluba ya kama wuyan hannuna, sannan ya karɓi ƙyallen ya ce in tafi gida in huta, gobe in zo da wuri. Ba zan ɓoye miki ba, raina a ɓace yake har yau. Ina jin haushin tsohuwar, da ƙyallen, da ladabin banza da na yi a ƙofarta, har Gap-su da ke kabari bai tsira ba.

Da aka kwance igiyar muka koma. Tsohuwar da kanta ta ɗora mini jaririn a cinya. Mata suna ta musu, wannan ta ce hancin ubansa ne, waccan ta ce goshin uwarsa. Ni dai na bi shi da yatsun nan masu kanta, a hankali yadda aka koya mana. A bayan kunnensa na hagu na ji ɗan ƙullutun nan irin na Baba, wanda muke taɓawa muna dariya in ya sa mu matsa masa kafaɗa bayan ya dawo daga teku. Duk masu idon babu wanda ya lura da shi. A nan na yi kukan da ban yi ba a ajin. Amma kada ki ce wannan ya ishe ni, bai ishe ni ba.

Jarrabawa wata mai zuwa ce. Ok-bun ta hana dafa miyar ganyen teku a gidan nan, wai santsinta zai sa in zame in faɗi. Malam Tak ya ce hannuna ya fara zama na mutane, daga bakinsa kuwa wannan babban yabo ne. Ki gaishe da maigidanki, da yaranki Hye-ran da Min-gu. Ok-bun da Sun-yong suna gaishe ki ƙwarai.

Hoton yaron yana cikin ambulan ɗin nan. Ke kaɗai kika rage da kika san fuskar Baba da Inna tun suna da ƙuruciya. Ki sa tabarau ki zauna wajen haske ki dube shi da kyau. Kada ki rubuto mini wai kyakkyawa ne, kowa ya faɗa mini haka. Ki fara daga goshi ki gangaro har haɓa, kada ki tsallake komai.

Ƙaninki,
Dok-su