Gwangwanayen Sama'ilu a Cikin Rumbu

Malama Mu'minat, don Allah ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ɗana na uku, Sama'ilu, yana aji biyar a sakandare. Tun da ya je wani biki a Kazaure ya ga wutar nan da ake harbawa sama ta tarwatse kamar taurari, kore da ja, hankalinsa bai dawo gida ba. Ya fara da kankare kan ashana. Daga nan sai dake-dake a bayan gida, har bular wankina ya ƙarar, wai shuɗiyar wuta yake nema. Kwanaki ya shigo gira ɗaya a ƙone, ya ce murhu ne. Ni da nake gaban murhun kullum!

Jiya na hau rumbu ɗibar gero, sai ga gwangwanayen madara a jere tsakanin dammuna. Da na tsare shi, ya ce haɗin wutarsa ne a ciki, wai damina ce, nan kaɗai babu danshi. Malama, abin da za mu ci har kaka ke nan, kuma jinka ce a kai.

A baya na yi faɗa, na yi kuka, ya rantse ya daina, ya koma. Mahaifinsa dama cewa yake boko ke lalata shi. In ya ji, cire shi zai yi ya tura shi kiwo garin Gwiwa. In na yi shiru kuma, ban san ranar da za mu wayi gari ba gero ba yaro ba. Ko taɓa gwangwanayen na kasa.

Uwa mai fargaba, daga Roni

'Yar'uwa, sannu da ƙoƙari.

Yawanci ana ɗauka rini ake zuba wa wutar nan ta yi launi, shi ya sa bularki ta tafi a banza. Ba haka ba ne. Wasu sinadarai ne ke sauya launin wuta, kuma masu haɗa su ƙwararru ne da lasisi, nesa da gidaje. Wannan ba aikin bayan gida ba ne, komai basirar yaro.

Kin kyauta da ba ki taɓa su ba. Kada kowa ya buɗe ko ya girgiza, kada a kusanci rumbun da wuta. Yau ɗin nan a kira 'yan kwana-kwana su kwashe, Sama'ilu ya faɗa musu abin da ya zuba.

Maigida kuwa dole ya sani. Rumbunsa ne, ɗansa ne, kuma tsoronsa ba banza ba ne. Amma kada ki je ke kaɗai. Ki nemi babban da yake jin nauyinsa, da malamin kimiyyar yaron, su nuna masa cewa a makaranta ne tambayar yaron kan launin wuta take da amsa ba tare da ƙuna ba. Ashana akwai ta a Gwiwa ma, malamin ne babu a wajen kiwo.

Bayan ƙura ta lafa, ki kira Sama'ilu kicin da rana. Ki kunna risho har wutar ta yi shuɗi, ki barbaɗa ɗan gishirin miya, ku ga yadda za ta koma ruwan ɗorawa. Ki ce gobe ya tambayo miki malaminsa dalili. Gwada ki gani.

Allah ya tsare muku geronku, ya raya Sama'ilu da idanunsa biyu da yatsunsa goma.