Ruwan Nichifor

Frasinul de Jos, 9 ga Mayu

Sanda 'yata,

Ina gaishe ki, ki gaishe mini da mijinki da tsohuwar da kike jinya. Direban motar kaya zai kawo miki wannan tare da cuku, idan bai cinye a hanya ba.

Yau kwana goma sha biyu da binne babanki Nichifor. Kada ki ƙara ba ni haƙuri kan rashin zuwanki, na ji. Ina kai masa ruwansa. A da yarinya ake sawa ta yi, to ina 'yan matan? Duk kun watse Italiya. Ni ke ja daga rijiyar bakin coci tun raɓa ba ta bushe ba, bokiti biyu, in kai gidan maƙwabta, in yi tsaga ɗaya a jikin sanda. Maƙwabciyata Gherghina ta ce, "Profira, ƙugun nan naki zai riga ki zuwa lahira." Na ce, "To, ya gaishe mini da shi."

Ina ganinsa a mafarki. Yana tsaye a tsallaken kogin Olt da hularsa ta zuwa coci, hazo ya rufe masa ƙafafu, leɓensa a bushe. Ga kogi a gabansa amma ba ya duƙawa. Kin san halinsa, ba ya roƙo.

An kawo mana 'yan jami'a goma sha ɗaya daga Cluj, masu aikin sa-kai. A makaranta suke kwana. Sun gyara rufinta, yanzu suna haƙa ramin bututu. Shugabarsu Ruxandra doguwa ce kamar shamuwa, shebur ma ba ta iya riƙewa ba. Ina kai musu tuwon masara. Yaran sun shiga raina.

Allah ya tsare mini ke.
Uwarki, Profira

Frasinul de Jos, 24 ga Mayu

Zuwa ga Uwargida Sanda,

Gaisuwa da girmamawa. Sunana Ruxandra, ni ke jagorantar ɗaliban da ke aiki a ƙauyenku. Wurin direba na sami adireshinki.

Kullum da sassafe muna hango mahaifiyarki ta tagar aji, tana fitowa daga cikin hazo da bokitai, a hankali, har sai mutum ya rasa ko a farke yake. Ranmu ya ɓaci da muka ga tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu ta zama 'yar ga-ruwan unguwa. Sai muka yanke shawara ba tare da mun gaya mata ba. Bututun da aka tanadar wa makaranta muka juya zuwa layinsu. Jiya famfo ya kawo ruwa a duk gidaje tara da suka rage da mutane. Rijiyar kuma gwaji ya nuna ruwanta ba shi da kyau, don haka muka rufe ta da siminti.

Na je mata da murnata. Ta dubi famfon, ta dube ni, ta ce, "Sannu da aiki, 'yar nan." Ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Yau ba a kawo tuwo ba. Na gan ta zaune a kan murfin rijiyar, bokitai biyu a gefenta babu komai a ciki.

Don Allah ki faɗa mini laifinmu. Na kasa cin abinci.

Taki cikin ladabi,
Ruxandra

Torino, 27 ga Mayu

Ruxandra,

Na gaishe ki, kuma na gode da kika rubuto. Sai da na yi kuka, sannan na yi dariya, sannan na nemi biro.

A Cluj ba ku da matattu ne? Ruwan nan ba na maƙwabta ba ne, na babana ne. A wurinmu, duk bokitin da aka kai wa mai buƙata cikin kwana arba'in, mamacin ne ke sha a can. Ruwan da aka kai gidan da ba a buƙatarsa kuwa, a wurin Mama zubarwa ne. Garin neman gira kun rasa ido: kun shayar da unguwa, kun bar Nichifor da ƙishi, yanzu saura kwana goma ya ƙetare zuwa lahira.

Kada ki tambaye ni ko na yarda da wannan. Abin da na sani, in sandar nan ba ta cika tsaga arba'in ba, Mama za ta riƙa ganinsa da busasshen baki har ta mutu.

Ba ke kaɗai ke da laifi ba. Ni ya kamata in ɗauki bokitan nan. Ga ni nan ina shayar da uwar wasu da cokali.

Kada ki fasa simintin, rijiyar ta daɗe tana ɓata mana ciki. Ki nemo mata mai ƙishi.

Ki huta lafiya,
Sanda

Frasinul de Jos, 7 ga Yuni

Sanda 'yata,

Gaisuwa. Sanda ta cika. Ba ke ba, ta tsaga.

Shamuwar nan ta zo ƙofata da tulu babu ko ɗigo. Ta ce, "Kaka, mun ba ku bututunmu, makaranta ba ruwa, mu goma sha ɗaya ko na wanke ido ba mu da shi." Na ce, "Ku da hankalinku?" Na je na leƙa da kaina, don ba na son a yi mini ƙaryar tausayi. Da gaske ne, har dashen tumatir ɗinsu ya kwanta. Na tara a famfo na kai musu, sawu biyu kullum, har na rama kwanakin da suka wuce. Ta so ta karɓar mini bokiti, na buge mata hannu.

Jiya kwana arba'in suka cika, muka saki kyandir a kan kogi kamar yadda ake yi, ya tafi bai mutu ba.

Na ga babanki. Gashin bakinsa a jiƙe, ya yamutsa fuska ya ce, "Profira, ruwan nan ƙarfe-ƙarfe yake yi." Shekara hamsin da ɗaya bai taɓa yaba abin da na ba shi ba. A nan na san ya sha.

Ki zo lokacin kaka, tuffa ta yi 'ya'ya.

Uwarki