Dutsen Kwatarkwashi Kai Ƙasa

Zuwa ga Yayana Malam Bawa, a birnin Kano.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da malaminka Balaraben nan mai littafin haske. Ƙanwarka Kulu ce, daga Kwatarkwashi.

Ta'aziyyarka ta iso ta hannun fataken da suka biyo ta Tsafe, na gode. Maigidana Malam ya riga mu gidan gaskiya, ni kuwa ina cikin takaba, kuma ka san yadda ake yin ta a gidan nan. Ba kwalli, ba madubi, ba ɗaga murya. An ba ni ƴar wuƙa da kara in riƙa riƙewa, ko ban ɗaki zan zaga. Daga ɗaki sai tsakar gida. Yaya, na ƙosa. Ban taɓa sanin yini yana da tsawo haka ba.

Ka tuna sanda kake koya mini karatu a zauren Baba, kana cewa, "Kulu, tambaya za ta kashe ki"? Ba ta kashe ni ba tukuna. Kai ma ai ka biye mini, tunda duk abin da Balaraben ya karantar da kai sai ka rubuto mini. Darasin farko, na tsoma muciya cikin ƙwaryar ruwa na ga ta karye, na fiddo ta lafiya lau. Malam ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Ke da yayanki sai Allah." Bai taɓa hana ni ba.

To, darasin da ka haɗo da ta'aziyya na gwada shi. Ƴar tagar ɗakina ta fi ƙarfin tsayina, tana duban hanyar da ta hau gindin dutse. Na taka turmi na rufe tagar da tsohuwar fata, na huda tsakiya da wuƙar takabata, na saki asabari, na rataya farin zane a bangon da ke fuskantarta, kamar yadda ka ce.

Yaya! Dutsenmu ne ya shigo mini ɗaki, kai ƙasa. Ga tsamiya saiwa sama. Ga mata da tuluna suna tafiya a kife, ruwan ko ɗigo bai zuba. Da yamma na ga jakin Malam yana dawowa daga gona, wani daban ke kora shi. Na yi kuka, amma kukan ya fi mini zaman shiru. Tun daga nan, kullum hantsi ina da wurin zuwa.

Sai ran nan Inna, uwar Malam, ta ɗaga asabari da fura a hannu, ta saki, ta juyo. Ƙwaryar ta faɗi. Salati take tana cewa, "Mi kika aje cikin ɗakin ga? Mutanen ɓoye ne, su ka tafiya kai ƙasa!" Kafin la'asar magana ta kai wa wan Malam a zaure. Ya aiko cewa in na faɗi abin da ke juya su, a bar mini. In ban faɗa ba, a toshe.

Kai kuwa, sarkin jan rai, ka rufe takardarka da cewa dalilin juyewar sai darasi na gaba. Fatake sun zo sun wuce Gusau, na aika a tambaye su, ba ko ƙyallen takarda. Na ji haushinka ƙwarai, in faɗa maka gaskiya.

Ina kan turmi ina ta hararar hudar nan, sai na zura karan takabata a ciki, don rashin abin yi. Na danna bakinsa na ciki ƙasa, na ji na waje ya ɗaga sama. Na ɗaga, ya sauka. Na yi tsaye kamar an dasa ni. Ashe abin da ka faɗa mini tun tuni ne, haske bai lanƙwasa, miƙe yake tafiya kamar karan nan. Hasken kan dutse in ya ratsa hudar dole ya sauka ƙasan zane, na gindin dutse ya hau sama. Ni kaɗai na gano, Yaya, ba mai tayawa, har na manta na yi guɗa a cikin takaba.

Na nuna wa Inna da karan. Na roƙi Goggo Tumba, ƙanwarta, ta hau hanya ta ɗaga faifai. Inna ta gan ta a zane, ƙafafu sama, faifai ƙasa, ta yi dariyar da ba ta yi ba tun rasuwar ɗanta. Da kanta ta tafi zaure ta ce ba aljanu ba ne, mutanen gari ne, har ta gane Tumba.

Wan Malam ya ce, "Ashe mutane ne na gaske. To, maza ma suna bin hanyar ga, mai takaba kuwa ba ta kallon maza."

Ba fatar kaɗai suka cire ba. Tagar gaba ɗaya aka cike da laka. Da na yi shiru an ce aljanu ne, wataƙila da hayaƙi da tofi an rabu da ni. Yanzu ɗakin ko da rana sai da lalube, a bakin ƙofa nake rubuta maka wannan.

Ban riƙe su a zuci ba, tsoron Allah suke yi iya saninsu. Amma ina kewar dutsen nan, ina kewar jakin Malam, ina kewarka. Darasin da ka yi alkawari ka bar shi, na riga ka. Ka aiko mini da wanda ake iya yi a cikin duhu.

Allah ya jiƙan Malam, ya haskaka kabarinsa. Allah ya tsare maka idanunka, ya ƙara maka sani, ya nuna mini fuskarka.

Ƙanwarka mai tambaya,
Kulu