Kun Sa Ɗana Yana Tambaya Ko Uwarsa Tana Sonsa

Zuwa ga Shugabar Makarantar da ɗana yake karatu a Riyadh.

Ranki ya daɗe, sallama da gaisuwa ta girmamawa. Ina fata kina lafiya, ke da iyalinki da malaman da ke ƙarƙashinki. Ni direba ne, ɗan Nijeriya, ina aiki a Unguwar Ofisoshin Jakadanci, ina zaune da iyalina a unguwar Al-Oud. Ɗana na fari yana aji huɗu a wurinku. Na zo ofishinki da ƙafata na faɗi abin da ke raina, aka ba ni shayi da madara, aka yi mini murmushi, aka rako ni bakin ƙofa. Tun da magana a ɗaki ba ta yi amfani ba, bari in faɗe ta inda sauran iyaye za su ji.

Na ɗaya. Ba tilasta mini aka yi na kawo yaron nan ba. Kun ce ku ba karatun takarda kaɗai kuke koyarwa ba, kuna gina yaro ne gaba ɗayansa, jikinsa da hankalinsa da halinsa, bisa tarbiyyar ƙasarku ta Indiya: girmama na gaba, tausayin na baya, ganin darajar malami. Na ce to, ai wannan irin tamu ce. Kuma ba zan ci amanar gaskiya ba, na ga canji. Yaro ya koyi miƙewa idan babba ya shigo, ya koyi raba abincinsa, har tumatir ya shuka mana a gwangwani a bakin taga. A gidan nan kuwa maganar malamarsa ta zama yankan wuƙa. In ta ce ruwa ja ne, to ja ne. Ku riƙe wannan, domin a nan ciwon yake.

Na biyu. A zangon nan kun shirya bikin karrama iyaye mata. Tsarinku shi ne kowace uwa ta fito gaban jama'a, ɗanta ya miƙa mata fure, ta dafa kansa, ta kira sunansa a lasifika, ta yabe shi, ta rungume shi. Abu mai kyau a wurin masu shi. Mai ɗakina ta fito da ƙanwar yaron a hannu, ta karɓi furen, ta sunkuyar da kai ta ce, “Allah ya yi albarka.” Iyakarta ke nan. Malamar ajin ta kai mata lasifika har baki tana cewa ta faɗi sunansa, ta faɗa mana, kowa yana jira. Baiwar Allah ta ja mayafi ta rufe fuska, ta rasa inda za ta sa kanta. Wasu iyaye suka yi dariya. Ta koma kujera, ƙaramar ta fara rigima, ta shiga rarrashinta tana kiran sunanta. Malama ta gani, ta yanke hukuncinta a nan take.

To ga abin da ba wanda ya tambaye mu. A wurinmu mace tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yabonsa a cikin mutane, ba ta jawo shi jikinta ido na gani. Wannan yaron kuma nauyinsa biyu ne, domin sunan mahaifinta aka sa masa. Tun da ta buɗe ido a duniya bakinta bai taɓa furta sunan nan ba, kuma tsohon ya rasu muna nan Riyadh, iƙamarta, wato takardar izinin zamanta a ƙasar, tana wajen sabuntawa, ko gawarsa ba ta gani ba. Shi ya sa take ce wa yaron Abba. Wace uwa ce za ta kira ɗanta da sunan uba don ba ta sonsa?

Na uku. Washegari malamar ta keɓe yaro ɗan shekara tara ta yi masa tambayoyi. Wai wannan matar ita ta haife ka kuwa? Tana ba ka abinci? Tana dukanka? Sannan ta shafa kansa ta ce kada ya damu, in ba a nuna masa so a gida, a makaranta ana sonsa. Na yarda da zuciya ɗaya ta faɗa. Amma wallahi da mari ta kwaɗa masa da ya fi mini sauƙi, don zafin mari kafin la'asar ya wuce. Yaran ajin suka ji, suka sa masa suna: wanda uwarsa ta manta sunansa.

Ranki ya daɗe, ki tuna a nan aka haifi yaron nan. Larabcinsa ya fi Hausarsa. Ba shi da kaka a kusa, ba gwaggo, ba inna, ba wanda zai tsokane shi ya ce ɗan fari ɗan kunya, ya gane abin alfahari ne. A gida yaro ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan, yana tashi ya ga kowa haka yake. A nan kuwa abin da malama ta faɗa shi ne gaskiya, kuma ku kuka koya masa hakan.

Matar da kuka sa wa ido ita ce take tsayawa da shi a bakin titi jiran motar makaranta, ta riƙe lema a kansa rana tana cinta ita. Ita ce idan ta yi miya take tsame tsokar da ta fi kyau ta ba ƙanwar ta ce, “Kai wa wancan,” ta kau da kai kamar ba ruwanta. Da zazzaɓi ya kwantar da shi bara, ba ta ko canza zani ba sai da ya tashi. Wannan ba ya shiga lasifika, shi ya sa ba ku gani ba.

Na huɗu. Da na zo na yi miki wannan bayani, amsarki ita ce duniya ta canza, yaro yana bukatar ya ji da kunnensa, kuma kuna da wani zama da kuke yi wa iyaye mata kan yadda ake nuna wa yara ƙauna, mai ɗakina ta zo. Haba! A koya mata son ɗan da ta haifa? Abin da ya fi ƙona mini rai, akwai wani abokin aikina, direba ɗan ƙasarku, da muke jiran iyayen gidanmu tare a inuwa ɗaya. Ya taɓa gaya mini mahaifiyarsa har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa kiran sunan mahaifinsa ba, don girmamawa. Ashe ku ma kun san shirun da yake na ladabi. Naku sunansa al'ada, namu kuma sakaci ne da sai an kai uwa aji.

Na biyar, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Tun daga ranar yaron ya ɗauke wa uwarsa wuta. Ba ya gaishe ta sai na daka masa tsawa. Na zaunar da shi na yi bayani da Hausa, na sake da Larabcina na direbobi, ya saurare ni tsaf ya ce, “Amma Malama ta ce.” Ranar Juma'a bayan mun dawo masallaci ta ajiye masa tuwo, ya ture kwanon. Ya dube ta cikin ido, abin da bai taɓa yi ba, ya ce, “In ke ce uwata, ki faɗi sunana.”

Na yunƙura zan tashi masa, ta ɗaga mini hannu. Sannan ta faɗa. Ta kira sunan mahaifinta da ke kabari, ta miƙe ta shige kicin ta saki famfo don kada mu ji kukanta. Na ce a raina to shi ke nan, an biya, yanzu yaro zai huce. Sai ya juyo ya ce mini, “Ka gani ko, Baba? Sai da na tilasta mata.”

Ta ba da abin da ya fi komai tsada a wurinta, kuma bai sayo mata komai ba. Ba zan ɓoye miki ba, ina jin haushinku.

Ga abin da nake roƙo. Ba na neman a kori kowa, malamar ma neman abinci ta zo yi ƙasar mutane kamar ni. Ina so ita da bakinta, a gaban ajin da aka yi masa dariya, ta gaya wa ɗana cewa ta yi kuskure, uwarsa tana sonsa, kuma rashin kiran sunan nan girma ne aka ba shi. Ni na faɗa bai ji ba, uwarsa ta yi abin da ya fi faɗa bai ji ba. Ku kuka ɗora maganar malami a kan ta kowa, to ku yi amfani da ita ku gyara abin da kuka ɓata. Ina kuma roƙo, kafin a sake keɓe ɗan wani a tambaye shi ko uwarsa ce ta haife shi, a kira iyayen a ji ta bakinsu. Gayyatar zaman koyon ƙauna kuwa, a bar ta, mun yafe.

Za ki lura ban rubuta sunan yaron ba. Kina da shi a rajista. Ni ma ɗan farina ne.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya ba ki ikon yin adalci, ya raya miki naki 'ya'yan. Allah kada ya nuna miki ranar da ɗan cikinki zai ture kwanon abincinki ya ce ki kawo shaida.

Wassalam.

Uban wani ɗalibi a aji huɗu,
Al-Oud, Riyadh.