Gishirin da Na Hana Mahaifinku

Ranar da likita ta karanta mini takardar asibitin mahaifinku, wata biyu bayan rasuwarsa, na gane da hannuna na hana shi abin da zai riƙe shi. Da hankalina nake rubuta muku wannan, 'ya'yana, ko da yake jikina ya gaya mini ba ni da sauran nisa.

Ga yadda ta fahimtar da ni. A saman kowace ƙoda akwai ɗan ƙullin nama mai fitar da sinadarin da ke sa ƙoda ta riƙe gishiri, ta zubar da tsamin jini. Nasa sun daina aiki. Gishirin jikinsa ya riƙa bin fitsari, jininsa yana tsami. Shi ne jirin nan, da duhun da fatarsa ta yi, da lasar gishiri a tafin hannu. Ni kuwa ina masa tsiya ya zama akuya, har na kulle gwangwanin gishirin a kabad.

Na ɗaya: baffanku mai kemis. Shi na kai wa takardar tun mahaifinku yana raye, don rubutun likitoci ya fi ƙarfin karatuna. Ya karanta, ya dubi idona, ya ce a ci gaba da hana gishiri, a bar ƙwayoyin asibiti. Ashe takardar cewa ta yi kada a tsallake ƙwaya ko kwana ɗaya, a kuma ƙara masa gishiri. Ya riga ya faɗa a gaban mutane ciwon ƙoda ne, girman kai ya hana shi janyewa. Ku gaishe shi, jininku ne. Amma kada ku sake karɓar shawarar magani daga bakinsa. Ni ban iya yafe masa ba tukuna, ba zan yi muku ƙarya ba.

Na biyu: Babba, keken ɗinkina naki ne, takardar mahaifinku tana aljihun keken. Kai kuma Direba, ka daina gaba da yayarka. Ba ta san komai ba, abin da na ce ta dafa wa mahaifinku take dafawa.

Na uku: Auta. Na gan ta tana dafa bango in ta miƙe, dasashinta ya fara baƙi. Likita ta ce abin yana iya bin jini. Kada kowa ya yi mata faɗan gishiri.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, kada ku watse bayana. Sau biyu ana ba mu rana a asibiti ni da Auta, ƙafata tana kasawa. Har yau ba a auna jinin Auta ba.